Mai horar da karen da na ɗauka a Bauchi, ga abin da idona ya gani cikin sati shida

Jama'a assalamu alaikum. Tun ranar da na sa hoton karena Duna yana kwance a bakin ɗakin kaji bai ko ɗaga kai ya kalle su ba mutane ke ta turo min saƙo a WhatsApp, wai wa ya horar min da shi, nawa na biya, kuma da gaske ne ko dai sa'ar hoto ce kawai. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai wuri guda, da mai daɗin da marar daɗin. Sunan mutumin ba zan sa ba sabida akwai inda zan yi ƙorafi a kansa, kuma ba na so in taɓa wa bawan Allah sana'arsa, da ita yake ci da iyalinsa.

Ina da 'yar gonar kaji a hanyar Gombe, gaba da Inkil kaɗan, kajin ƙwai ne sai tumaki 'yan kaɗan da nake turkewa don babbar sallah. Sau biyu ana haura min katanga, na farko aka kwashe buhunan abincin kaji, na biyu aka cire batirin sola, shi ne wani abokin aikina ya ce Alhaji ka nemi kare kawai. Na je Jos na sayo kwikwiyo, irin alseshan ɗin nan na 'yan sanda amma ruwa biyu ne, bakinsa baƙi ƙirin, yarana suka sa mishi Duna.

Kafin wani ya ce min komai a kan addini, na tambayi malaminmu tun kafin in saya. Hadisi ya yi magana a kan raguwar lada ga wanda ya ajiye kare haka kawai, amma ya cire karen farauta da na tsaron dabbobi da na tsaron gona, kuma nawa a gona yake kwana ba a gida ba. Malam ma ya tuna min aya ta 4 a Suratul Ma'ida inda aka ambaci dabbobin farauta da ake koyarwa, ka ga koyar da kare ba abin Turawa ba ne, mafarautanmu sun daɗe suna yi tun kaka da kakanni, mu ne dai 'yan birni muka jahilci abin.

To ni da na kawo shi ban san komai ba, duk wanda ya zo gona sai ya ba ni tasa shawarar. Wannan ya ce a ɗaure shi a ɗaki mai duhu kar ya riƙa ganin mutane don ya yi zafi, wancan ya ce a riƙa zuba mishi barkono a abinci, wani ya ce in ya yi laifi a zane shi da dorina a nan take zai shiga taitayinsa. Wallahi duk na bi, kuma har yau in na tuna raina ba ya min daɗi, dabba ce Allah ya ba ni amanarta na ɗaure ta da sarƙa wata da watanni a ɗakin da ko taga babu. Da ya kai wata takwas abin ya ci tura. Haushi tun magariba har asuba, in aka kwance shi sai ya yi kan kaji, cikin sati guda ya kashe min bakwai ba don ya ci ba, ya kama ya girgiza ya yar. Igiya kuwa in ka riƙe shi yake janka ba kai kake jansa ba, ya taɓa kayar da yaron da ke kwana min a gona har ya gurje gwiwa. Wanda ya fi tayar min da hankali ranar da ya tsinke sarƙa ya bi wani yaro mai kiwon awaki, Allah ya kiyaye yaron ya haye bishiya, wandonsa kawai ya yaga. Da yamma dattijon da gonarsa ke jikin tawa ya zo ya same ni ya ce, Alhaji, in ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi, ko ka yi maganin abin nan ko wata rana mu kwana a ofishin 'yan sanda. Na ce Baba gaskiyarka, a yi haƙuri, in Allah ya yarda ba za a sake ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, na yi niyyar in kyautar da shi ma, amma wa zan ba wa kare mai bin yara?

A asibitin dabbobi wani ma'aikaci ya ba ni lambar wani saurayi mai horar da karnuka. Ɗan wajen Yelwa ne, ba zai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ya ce a Jos ya koyi aikin wajen masu kiwon karnuka. Ranar farko da ya zo na zaci zai shiga ɗakin ya nuna wa karen ƙarfi, ina, ya samu benci ƙarƙashin dogon yaro ya zauna ya ce a fito da shi a ɗaure daga nesa. Kusan rabin awa bai ko kalli idon karen ba, tambayoyi kawai yake jero min, me yake ci, sau nawa, wa ke ba shi, awa nawa yake a ɗaure, ina ya yi watanninsa uku na farko. Duna ya yi haushi ya yi haushi har ya gaji ya zauna yana haki, a daidai lokacin da ya yi shiru sai na ga saurayin ya jefa mishi wani abu daga aljihu, ashe busasshiyar hanta ce. Ya juyo ya ce min Yallaɓai karenka ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi mishi yawa, bai san mutane ba bai san kaji ba, duk abin da ya motsa a wajensa abokin gaba ne. Ya ce kwikwiyo daga kaman sati 3 zuwa sati 14 ne yake saba wa da duniya, abin da ya gani a lokacin shi yake ɗauka ba komai ba, mu kuma a daidai lokacin muka kulle shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, namu ya fara bushewa amma bai gama ba.

Abin da ya fara sa na yarda da shi, ya ce in kawo katin rigakafi. Na ce babu, wanda ya sayar min ya ce an yi mishi allura. Ya ce to ba zai taɓa karen ba sai an yi allurar haukan kare an ba da kati ya gani da idonsa, ko da kuwa zai rasa aikin. A lokacin na ji haushi don ina sauri, amma da na koma asibitin likitan ya zaunar da ni ya yi min bayani jikina ya yi sanyi. Ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 na cikin waɗanda ya fi ci. Allurar ana fara ta tun kare na wata uku sannan a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ba daga nesa ma take zuwa ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da Jos tana yin ta, cibiyar da ke wurin tun 1924. Don Allah ku riƙe wannan ko ba ku da kare, in kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 sannan a wuce asibiti a ranar, kar a tsaya sa toka ko gashin karen ko jiran a ga abin da zai faru. Ina tuna yaron awakin nan nake rubuta wannan.

Tsarinsa biyu ne, ko ya tafi da karen gidansa wata guda ya dawo maka da shi, ko ya riƙa zuwa inda karen yake. Na so na farkon don ya fi min sauƙi, shi da kansa ya hana ni, ya ce in na tafi da shi ni zai riƙa ji wa magana, ya dawo nan ya tarar da sarƙa da dorina cikin sati biyu ya koma gidan jiya. Muka yi ciniki a kan sati shida, sau uku a sati, kuɗin ya yi daidai da kuɗin buhu uku na abincin kaji a lokacin, ban da na mai da nake ƙara mishi don babur yake hawowa tun daga Yelwa. Sharaɗinsa ɗaya ne, wanda ke ba karen abinci kullum dole ya tsaya a kowane darasi, wato yaron gonata, ni kuma in zo aƙalla ranar Asabar.

Yanzu aikin kansa. Ni na zaci darasi zai ɗau awa biyu, ashe minti goma ne a huta a sake minti goma, ya ce kare kaman ɗan firamare ne in ka ja shi da yawa hankalinsa ya tafi. Kuma kafin a ba shi abinci ake yi lokacin da yake ɗan jin yunwa. Zai ɗora hantar a saitin hancinsa ya ɗaga ta sama zuwa baya kaɗan, karen na bin ta da kai sai ka ga gindinsa ya sauka ƙasa da kansa, yana taɓa ƙasa zai ce yawwa ya miƙa mishi. Ba turawa ba dannawa ba tsawa. Duk sirrin a saurin hannu yake, in ka wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ka ba shi to bai san me ya yi aka ba shi ba. Nan ne ma ya fahimtar da ni ɓarnar da muke yi, da safe mu tarar da mushen kaza mu kira Duna ya zo mu zane shi, shi a kansa ba kazar jiya aka dake shi a kai ba, zuwan da ya yi da aka kira shi ne laifin, shi ya sa in ka ce zo sai ya ƙara gaba. Ya ce wa yaron, ɗan'uwa ko takalminka ya cinye in ka kira shi ya zo to ka yaba mishi, faɗan ka bari.

Da Turanci ya fara ba shi umarni, na ce a'a malam a mayar Hausa, yaron nan da zai zauna da shi ba ya jin Turanci kuma in tashin hankali ya zo da harshen uwarsa zai yi ihu. Ya ɗan yi gardama wai haka aka saba a aikin, daga baya ya yarda don shi ma ya san kare ba ruwansa da yare, sauti yake riƙewa, in dai kalmar ɗaya ce kullum. Muka tsaya a kan biyar, zauna, kwanta, tsaya, zo, bari. Abin da ya ba mu wahala shi ne mu daina maimaitawa, zauna zauna zauna kai zauna mana, ya ce sau ɗaya ake faɗa a jira.

Jan igiya cikin sati biyu ya ragu sosai kuma dabarar ba wani abu ba ce, da ya ja sai ka tsaya cak kaman an dasa ka, igiya ta saki ku ci gaba, ranar farko daga ƙofar gona zuwa bakin titi da bai kai tafiyar minti biyar ba sun yi fiye da rabin awa. Tsallen da yake yi wa mutum a ƙirji kuma juya mishi baya ake yi a ƙi kula shi sai ƙafafunsa huɗu sun taka ƙasa.

Maganar kaji ita ce ta fi cin lokaci kuma nan na ga gwanintarsa. Wani ya taɓa ce min a ɗaura mishi mushen kazar a wuya ya yi kwana uku tana ruɓewa zai tuba, na faɗa wa saurayin ya girgiza kai ya ce wari da ƙudaje kawai za ka tara. Abin da ya yi, ya sa doguwar igiya kaman mita goma, aka sa kaza ɗaya a keji can nesa inda Duna ke ganinta amma bai kai ga haukacewa ba. Ya kalli kazar, a ce bari, in ya juyo ya kalli mai igiya yawwa ga hanta. Kullum ana matso da kejin taku biyu taku uku, in aka ga jikinsa ya sandare kunnuwa sun miƙe ya daina karɓar hantar to an yi kusa da yawa, a koma baya. Sati na huɗu aka buɗe kejin kaza na yawo shi yana igiya, ranar nan zuciyata kaman ta fito, kazar ta yi fiffike ya zabura igiya ta tare shi, saurayin ko a jikinsa, ya ja da baya ya sake daga nesa. Sati na shida ne aka ɗauki hoton da kuka gani. Amma gaskiya ɗaya ce, shi da bakinsa ya ce kar in taɓa barin Duna shi kaɗai da kaji ba mutum a wurin, karen da ya ɗanɗana bin kaza abin na nan kwance a jininsa, an dai koya mishi ya ji magana ne. Na ji daɗin da bai yi min ƙarya ba don da wani ne cewa zai yi an gama har abada.

Abinci ma ya gyara mana. Mu ragowar tuwo da miya da shinkafar gida muke kai mishi da ƙasusuwan kaji, ya ce albasa guba ce ga kare tana lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji, barkono kuwa ba ya ƙara zafin rai sai ciwon ciki. Na tambayi likita ya tabbatar. Yanzu dabam ake dafa mishi, tsakin masara da kan kifi ko kayan ciki da ƙwan da ya fashe a gona, ba albasa ba magi. Sarƙa an daina, mun kewaye mishi wuri da waya a inuwa da randar ruwa, safe da yamma yaron na fita da shi zagaye.

To ga inda ban ji daɗi ba. Na ɗaya lokaci, bawan Allah nan ba ya cika alƙawarin lokaci ko kaɗan, a yi da shi ƙarfe bakwai na safe ya iso tara da rabi rana ta buɗe, ga shi mun shiga watan Maris lokacin da zafin Bauchi ke haura 38 ya doshi 40, kare kuma ba ya gumi kaman mu da haki yake sanyaya jiki, sau uku darasi na lalacewa don karen ya kasa komai sai neman inuwa. Sau biyu ma bai zo ba sam kuma bai kira ba, wayarsa a kashe, ya dai rama kwanakin daga baya amma ni ranar Asabar ɗin da na bar hidimar gida na zo na zauna jira ba ta dawo ba. Na biyu ya matsa min in sayi abincin kare na buhu na ƙasar waje a hannunsa, kusan kowane zuwa sai ya tayar da maganar, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfina, har sai da na ce malam don Allah a bar maganar nan. Na uku a satin farko ya zo da wata sarƙar wuya mai shaƙewa in kare ya ja, na ga Duna na tari na ce a cire, ya cire ba musu kuma aikin ya tafi lafiya ba ita, to me ya sa aka kawo ta tun farko? Sannan da muka gama ya yi min tayin ƙarin wata biyu na koya mishi kai hari, wai ya kama hannun mutum in an ba shi umarni. Na ƙi. Gonata hanyar makiyaya ce da yara masu itace da mata masu zuwa sayen ƙwai, abin da nake nema kare ya yi haushi ya tashi yaron gona ɓarawo ya san akwai ido, ba ya yaga ɗan mutane ba.

Haushin dare kuma bai tafi duka ba, kar in yaudare ku. Ya ragu ƙwarai tunda yana samun zagaye yana gajiya, amma in karnukan ƙauyen da ke bayanmu suka fara shi ma sai ya amsa, wani lokacin minti ashirin. Yaron ya ce yanzu dai yana iya bambance haushin banza da na gaske, na gasken ya fi kauri kuma wuri ɗaya yake fuskanta.

Masu tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, eh ta biya, kajin da ya kashe min a sati guda da abin da zan biya da ya ciji yaron nan sun fi kuɗin horon nesa ba kusa ba. In tauraro biyar ne zan ba shi huɗu, ɗayan rashin cika lokaci ya cinye. Amma in ka san ba ka da wanda zai tsaya a darasin ya kuma ci gaba da maimaitawa minti goma kullum bayan mai horon ya tafi, riƙe kuɗinka. Akwai wani da na haɗa su, ya biya ya bar wa maigadi da ba ya ko son ganin karen, yanzu yana cewa an cuce shi. Wanda kuma bai riga ya sayi kare ba, ka yi yarjejeniyar lokaci da mai horon tun farko a rubuce, darasi ya zama da sassafe ko bayan la'asar, ka nemi katin rigakafi a hannun mai sayarwa kafin ka miƙa kuɗi, kuma don Allah a daina kwaso manyan karnukan nan masu gashi buzu-buzu na ƙasashen ƙanƙara ana kawo su zafin Bauchi da Gombe don a burge mutane, a Jos ma da sanyinta ya suka ƙare balle nan.

Jiya da na je gona na tarar da Baba maƙwabcina a bakin waya da jikansa, yaron na son ya ga karen. Yaron gonata ya ce Duna zauna, ya zauna, aka ba ɗan ƙaramin hanta ya jefa mishi ta cikin waya. Baba ya ce Alhaji wannan shi ne na kwanaki kuwa? Na ce shi ne Baba. Ya ce to shi ma tumakinsa biyu aka sace da azumi, in kwikwiyo ya samu in faɗa mishi, amma na gida yake so irin na mafarauta, ba ya son mai cin kuɗi.